Gari mai mutum 2,000: inji za a sayo ko tafkuna za a haƙa don tace ruwan najasa?

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga masanan da ke wannan zaure. Ƙaramin gari ne a karkara, mutanensa ba su wuce 2,000 ba. Tun da ruwan famfo ya shiga gidaje mutane suka koma gina banɗaki mai ruwa, sai ga shi ruwan wanka da na wanki da abin da sokawe ke amayarwa duk suna haɗuwa a kwata su gangara rafin da ke gefen gari. Shawara biyu ce a gabanmu. Ko dai a sayo ƙaramin injin tace najasa irin wanda ake kawowa a haɗe, a dasa shi a jona masa wuta, ko kuma a haƙa tafkuna a jere a bayan gari. Kuɗin ginin sau ɗaya za a same shi, ba za a ƙara ba. Wanne za ku ba mu shawara?

Ɗan Zamani: Wa alaikumus salam. Inji, Sakatare, ba tare da dogon tunani ba. Ba ya cin fili, a rufe yake, cikin sa'o'i ruwa ya fito garau. Mutanen karkara ma sun cancanci abin da ake yi wa na birni. Ban ga dalilin da za a tara musu najasa a fili a ce wai an yi musu aiki ba.

Injiniyan Ruwa: Ƙanena Ɗan Zamani, na yarda da kai cewa sun cancanci abu mai kyau, kuma saboda haka ne ma nake tsoron injin. Bari mu fara da abin da ake son cirewa daga ruwan. Akwai daskararren datti mai kwanciya a ƙasa. Akwai narkakken datti mai ruɓewa, wanda in ya shiga rafi ƙwayoyin halitta za su yi ta cinsa suna zuƙe iskar oksijin ɗin ruwan har kifi ya mutu, rafin ya yi baƙi yana wari. Shi ake aunawa da gwajin BOD, inda ake ajiye ruwan kwana 5 a zafin digiri 20 a ga yawan oksijin da ya ƙare. Mutum ɗaya yakan fitar da giram 40 zuwa 60 na irin wannan datti a rana. Sai kuma ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki.

Injin da ake tallata muku ba wani sihiri yake yi ba. Yawancinsu dabarar da Ardern da Lockett suka bayyana ce a Mancesta ta Ingila a 1914: a tara bakteriya masu yawa a tanki, a riƙa hura musu iska dare da rana, su cinye dattin, a bar su su kwanta, a mayar da wani kaso nasu tankin farko. Dabara ce mai kyau ƙwarai, manyan biranen duniya da ita suke aiki. Amma ranta yana hannun injin hura iskar nan, kuma shi kaɗai yakan cinye kusan rabin wutar da matata ke sha ko fiye. In wuta ta ɗauke na dogon lokaci, halittun nan su shaƙe, lakar tankin, wato tarin bakteriyar da ke kwanciya, ta yi baƙi, kuma ko an dawo da wutar sai an ɗauki makonni kafin su farfaɗo. Don haka tambayata gare ka Sakatare: wa zai biya kuɗin wuta ko man janareta kowace rana har shekara 20? Ka ce kuɗin sau ɗaya za a samu.

Tsohon Ma'aikacin Matata: Injiniya ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi aiki a irin wannan matata, bari in gaya muku abin da ba a rubutawa a takardar talla. Kowace safiya sai ka kwashe tsumma da leda daga rariyar bakin shiga, in ba haka ba su naɗe famfo. Sai ka ɗebi lita ɗaya daga tankin iska ka zuba a doguwar kwalbar awo, ka jira minti 30 ka ga yadda lakar ta kwanta. Daga nan za ka san ko za ka rage ta ko ka bar ta. In ka rage da yawa, babu masu cin dattin. In ka bari ta yi yawa, ta bi ruwan ta fita. Wannan hukunci ne da mutum mai horo zai yanke kullum, ba sau ɗaya a wata ba. Na ga matatar da aka ƙaddamar da biki, kafin a je ko'ina ƙaramin ƙarfe ɗaya ya lalace a injin iska, aka rasa inda za a samo shi, aka buɗe bututun kewaye najasar ta riƙa wucewa ɗanya zuwa rafi. Ginin yana nan da fentinsa, duk mai wucewa ya ɗauka aiki yake.

Ɗan Zamani: To Baba ai wannan laifin masu kula ne, ba na injin ba. A horar da matasa biyu, a sa sola, magana ta ƙare.

Tsohon Ma'aikacin Matata: Ɗana, sola da rana take bayarwa, su kuma halittun nan har da dare suke numfashi. Sai batura, su ma da shekarunsu na mutuwa. Matasan da ka horar kuma in albashi ya tsaya wata uku za ka neme su ka rasa, kuma ba zan ga laifinsu ba. Ni ba gaba nake da inji ba. Inda fili ya yi tsada, ga wuta, ga ma'aikata, shi ne daidai. Garin mutum 2,000 kuwa abin da yake da shi a wadace fili ne da rana.

Baba Manomi: Ni dai a yi mini bayanin tafkin nan da Hausar da zan gane. Mene ne bambancinsa da kududdufin da kowa ke zuba shara? Kuma fili nawa zai ci? Don filin da kuke cewa a wadace yake, gonar wani ce.

Injiniyan Ruwa: Ranka ya daɗe Baba, tambayar a wurinta take. Kududdufi rami ne da ruwa ya taru a ciki ba lissafi. Waɗannan kuwa iri uku ne a jere, kowanne da zurfinsa da adadin kwanakin da ruwa zai yi a ciki kafin ya tsallaka na gaba. Na farko mai zurfi ne, mita 3 ko fiye, babu iska a cikinsa. A nan daskararren datti yake kwanciya, wasu bakteriya da ba sa buƙatar oksijin su narkar da shi. A ƙasa mai zafi wannan kaɗai yakan cire kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na dattin mai ruɓewa cikin 'yan kwanaki. Na biyu faffaɗa ne, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi, kuma shi ne wanda nake jin daɗin bayaninsa. Ruwansa kore shar ne saboda gansakuka. Gansakukar tana amfani da hasken rana ta fitar da oksijin, bakteriya su shaƙa su ci datti, su fitar da iskar da gansakukar ke buƙata. Aikin da injin hura iska ke yi da kuɗi, rana ce ke yin sa a nan. Na uku marasa zurfi ne, kamar mita ɗaya, akan jera biyu ko uku, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Hasken rana yana ratsa ruwan, sannan da tsakar rana gansakuka takan ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, ya haura 9, wanda bakteriyar bahaya ba sa jurewa.

Batun fili kuma mu yi lissafi tare. A ce kowane mutum yana mayar da lita 50 a rana, mutum 2,000 lita 100,000 ke nan, wato kubik mita 100. Tafkin farko in zai riƙe ruwan kwana 3 a zurfin mita 3, faɗinsa murabba'in mita 100 ne kacal. Na biyu zai kai murabba'in mita 1,000. Na ƙarshen guda biyu ko uku, kowanne kamar 500. In ka haɗa da ganuwar ƙasa da hanyar mota, bai kai rabin hekta ba ko ya ɗan kusa. Wannan a wuri mai zafi ne. A ƙasar sanyi sai an ninka, domin halittun suna yin sanyin jiki. Lissafin kan takarda ne na yi, ba zane ba, kada a kai wa ɗan kwangila a ce Injiniya ya gama.

Malamin Kimiyya: Ina so in ƙara abu ɗaya kan "ruwa garau" da Ɗan Zamani ya ambata, don a nan ido ke yaudarar mutane. Ɗanyar najasa tana iya ɗauke da bakteriyar bahaya miliyan 10 ko fiye a cikin mililita 100, wato ƙasa da rabin kofi. Injin da ke aiki lafiya ƙalau yakan cire kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari. Ya yi daɗin ji, amma kashi 1 na miliyan 10 shi ne 100,000. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ban-ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye kuwa ita ce kada su wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kada ya wuce ɗaya a lita. Shi ya sa sai an bi ruwan inji da kulorin ko fitilar kashe ƙwayoyin cuta, wani kuɗin ke nan. Jerin tafkunan da ruwa ya yi makonni uku ko huɗu a ciki yana iya isa wannan ƙa'ida ba tare da an zuba komai ba, ko da yake ruwan da zai fito kore ne, bai da kyan gani.

Ɗan Zamani: Wannan lissafin ya shige ni Malam. Amma wari fa? Da sauro? Ba wanda ya amsa wannan.

Jami'ar Lafiya: Bari in amsa, don ɓangarena ne, kuma ba zan ɓoye aibin tafki ba. Sauro ba ya son buɗaɗɗen ruwa mai kaɗawa, abin da yake nema shi ne ciyawar da ta tsiro a baki ta sunkuya cikin ruwa, da kumfar da ta taru a kusurwa. In ana yanke ciyawa ana kwashe kumfa, matsalar kaɗan ce. In aka yi sakaci kuwa, an gina wa sauro gida. Sai shinge. Tafki mai zurfin mita 3 da gefe mai santsi, ga yara, ga dabbobi: ba na so in ji an ce shingen sai an samu kuɗi daga baya. Da shi za a fara.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a bayanin Sakatare shi ne sokawen da ke amayarwa. Wanda ya amayar a titi kowa ya gan shi. Wanda ke tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiya fa? A 1854 a Landan likita John Snow ya bi diddigin kwalarar da ta kashe ɗaruruwan mutane har zuwa famfo ɗaya a titin Broad, daga baya aka gano ramin bahaya ne a dab da rijiyar yake yoyo a cikinta. Shawarar da aka fi bayarwa yanzu ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin najasa da rijiya, ƙasan ramin kuma ya ɗara matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita ɗaya da rabi. A gari mai matsattsun gidaje wa ke da mita 30? Ban da ƙwayoyin cuta akwai sinadarin naitiret, wanda ba ya wari ba ya canza launin ruwa, tafasawa ma ba ta cire shi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 50 ne a lita, saboda jarirai, don yana hana jininsu ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Ko tafkin ma in ba a daɓe ƙasansa da yumɓu ko a shimfiɗa masa roba ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Injiniyan Ruwa: Hajiya ta gama magana. Wari kuma daga tafkin farko yake fitowa in an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. In an auna shi daidai warin kaɗan ne, amma ba zan ce babu ba. Shi ya sa ake nisanta shi da gidaje, aƙalla mita 200, in da hali 500, a kuma duba ta inda iska ta fi kaɗowa.

Anti Akanta: Ku gafarce ni, kowa yana maganar ƙarshen bututu, ba wanda ya yi maganar bututun kansa. Ta yaya najasar za ta tashi daga gida 300 ta isa tafki ko inji? Sau da yawa shimfiɗa bututun ya fi matatar cin kuɗi nesa ba kusa ba, balle a karkara da gidaje ke warwatse. Sakatare, kuɗin da ka ce za a samu, har da wannan a ciki? In babu, za ku gina matata ta zauna a bushe.

Sakataren Kwamiti: Anti kin kama mu. An sa bututun a kasafi, amma babban layi ne kawai. Jona gidaje an ce kowa ya yi nasa.

Anti Akanta: To nan ne ake faɗuwa. Mai gidan da ya riga ya kashe kuɗi ya haƙa sokawe ba zai sake fasa tsakar gidansa ba sai ya ga dalili. Ku karanta abin da aka yi a unguwar Orangi ta Karachi a Pakistan tun daga 1980, ƙarƙashin jagorancin Akhtar Hameed Khan. Lungu-lungu aka bi, mutanen kowane lungu suka haɗa kuɗi da ƙarfinsu suka shimfiɗa nasu bututun, masana suna ba su zane da awo. A Burazil ma cikin shekarun 1980 injiniya José Carlos Melo ya fito da tsarin ƙananan bututu, masu faɗin milimita 100, marasa zurfi, suna bi ta bayan gidaje maimakon tsakiyar titi, kuɗin ya sauko sosai. Abin da ya haɗa su shi ne an zauna da masu gidajen kafin a sara ƙasa. Sannan a faɗa wa mutane gaskiya tun yanzu cewa akwai ɗan abin da za a riƙa biya duk wata, ko da na albashin mutum ɗaya mai yanke ciyawa da share rariya ne. Tafki araha ne, amma ba kyauta ba ne.

Ɗalibar Muhalli: Ina neman izinin manya in kawo hanya ta uku. Dole ne sai an yi bututu? Bututu yana son ruwa mai yawa da zai riƙa tura datti, in famfo ya yi kwanaki bai kawo ba sai ya toshe. Me zai hana a gyara tankunan najasar gidaje su zama masu ɗaki biyu da ba sa yoyo, a tsara motar kwasa ta zagayo kowane gida duk shekara 3 zuwa 5, a gina mata wurin juyewa mai shimfiɗar yashi da tsakuwa inda lakar za ta bushe? A wurare da yawa matsalar ba rashin mota ba ce, rashin inda za ta juye ne, sai direba ya nemi daji ko rafi da dare.

Injiniyan Ruwa: Wannan ba ƙaramar magana ba ce ƙanwata, kuma ga gidajen da ke gefe, nesa da juna, ita zan zaɓa. Sai dai tankin gida kashi 30 zuwa 40 kawai yake cirewa na dattin mai ruɓewa, ƙwayoyin cuta kuwa kusan duk suna wucewa, ƙasa ce ake dogara da ita ta ƙarasa tacewa. Inda ƙasar ta ƙoshi har tana amayarwa kamar yadda Sakatare ya faɗa, ba ta da sauran abin bayarwa. Ana iya haɗa biyun: tankuna su zauna a gidaje su riƙe daskararren, ruwan samansu kawai ya bi siririn bututu zuwa tafki. Tunda babu abin toshewa, bututun ba ya buƙatar gangara sosai.

Tsohon Ma'aikacin Matata: Tunda an ambaci kwasa, don Allah ku isar da wannan ga duk wanda kuka sani: kada mutum ya shiga tankin najasa. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ƙasan tanki don ta fi iska nauyi. In ta yi yawa hanci yakan daina jin ta, mutum ya ɗauka ta tafi, sai ya yanke jiki ya faɗi. Na biyu ya shiga ceto, shi ma ya faɗi. Haka ake rasa mutum biyu, uku a rami ɗaya.

Ɗalibar Muhalli: Allah ya kiyaye. Injiniya, fadamar da ake ginawa da hannu fa? Na karanta cewa Käthe Seidel ce ta fara gwada ta a Jamus cikin shekarun 1950, kuma yanzu Faransa tana da dubban irinta a ƙananan garuruwa. Ana zuba najasar a kan gadon tsakuwa da aka shuka wa ciyayin fadama, ta tsiyaya ƙasa, kusan murabba'in mita 2 ga kowane mutum, lakar saman kuma sai bayan shekara 10 ko fiye ake kwashewa.

Injiniyan Ruwa: Daidai kika karanta. Ba ta da buɗaɗɗen ruwa, don haka sauro da haɗarin faɗawa sun ragu. Cikas ɗinta tsakuwa da yashi ne: sai wankakku, masu girman da aka ƙayyade, in aka zuba mai ƙura gadon ya toshe, kuma jigilarsu daga nesa tana da tsada. Wajen kashe ƙwayoyin cuta ma ba ta kai jerin tafkuna ba.

Baba Manomi: To ni yanzu na gane, kuma ga inda nake so a zo. Ruwa lita 100,000 kullum, har da rani, ga taki a cikinsa. A bar shi ya bi rafi? In dai za a karɓi filin mutum, a ba shi da maƙwabtansa ruwan su yi noma da shi.

Jami'ar Lafiya: Baba ana yi, kuma ba sabon abu ba ne. A gabashin Kolkata ta Indiya an daɗe ana kiwon kifi da noman lambu da ruwan najasar birnin da ke bi ta tafkuna, har an sa wurin cikin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2002. Amma sharaɗina ɗaya ne: daga bakin tafkin ƙarshe za a ɗiba. Abin da na sha gani shi ne manomi ya ga ruwan farko ya fi ƙarfin taki, sai ya fasa bututu tun kafin ya isa matata. Ƙwan tsutsar ciki yana iya yin shekaru a ƙasa da ransa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2006 sun ce kada a dogara da tacewa kaɗai: a zaɓi amfanin da ake dafawa ko itatuwa, a shayar ta ƙasa ba a watsa a kan ganye ba, a tsayar da ban-ruwa kwanaki kafin girbi, mai aikin ya sa takalmin roba.

Ɗan Zamani: Na sauko daga kan inji ga gari irin wannan, amma ban sauko daga abu ɗaya ba. Ku ma tafkinku yana cika da laka. Ranar da ya cika, wa zai kwashe, a kai ina? In ba a amsa wannan ba, shekara biyar za mu dawo nan muna maganar kududdufi mai wari.

Injiniyan Ruwa: Gaskiyarka, kuma ba sai shekara biyar ba. A wuri mai zafi ana lissafa kamar lita 40 na laka ga kowane mutum a shekara. Mutum 2,000 kubik mita 80 ke nan, tafkin farkon da na lissafa kuwa 300 yake ɗauka, kuma ana so a kwashe in laka ta kai kashi ɗaya cikin uku. Ka ga kusan duk shekara ne. Don haka a haƙa na farkon guda biyu gefe da gefe, a riƙa karkatar da ruwa zuwa ɗaya, ɗayan ya bushe da rani a kwashe da shebur, a jibge lakar ta ƙara shekara ɗaya ko biyu kafin ta je gona. A rubuta watan kwasar a takarda, da sunan ofishin da alhakin ke kansa.

Sakataren Kwamiti: Na gode ƙwarai. Filin da aka nuna mana yana gangare da gari, ba sai an sa famfon turawa ba, amma kusa da rafin yake. Kafin zaman kwamiti na gaba me za mu fara dubawa?

Injiniyan Ruwa: Ku tambayi dattawan da ke noma a wurin inda ambaliya mafi girma da suka sani ta tsaya, ku kafa turke a nan, ganuwar tafkin ta kasance sama da shi. Sannan ku haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu a filin, zurfin mita 4, ku duba ko yumɓu ne ko rairayi, ku auna inda ruwa ya tsaya a ciki. A tsakiyar damina za ku yi awon, na rani ba zai gaya muku gaskiya ba. In kun samu alƙaluman ku turo su nan mu duba tare.